Sha'aibu Mai Albasa a Gonar Inabi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Shagari ko ta Bodinga ya san Sha'aibu na Dandin Mahe. Ko bai san sunansa ba ya san tsayuwarsa: dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda daɗewa da saɓa buhu. Albasa yake nomawa, ita mahaifinsa ya noma, a wata gonar fadama da suka gada shi da ƙanensa Haliru. Shi Haliru tun yana saurayi ya ce bayansa ba na sunkuyo ba ne, ya tafi Bodinga ya koyi ɗinki, ya bar wa wansa gonar ba tare da an raba gado ba. In an cire albasa Sha'aibu ya aika masa da rabonsa, in Sallah ta zo shi kuma ya aiko da riguna. Haka suka yi ta zama, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Sha'aibu ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Asabe ce mai bakin gidan, har mutanen unguwa sukan ce da aka zo rabon magana an ba ta nata an haɗa mata da nasa. Tana daka tana ba shi labari, tana tankaɗe tana ba shi labari, shi kuwa nasa "to" ne da murmushi. Kuma kun san irin wannan zaman, shi ne wanda ba a gane nauyinsa sai ɗaya ya kau.

Ranar da Asabe ta rasu yana gona yana ban-ruwa. Badaru maƙwabcinsu ya zo a kan babur ya ce masa mai ɗakinsa ta faɗi a tsakar gida, ya taso. To ita Asabe hawan jini ya daɗe yana damunta, ta sha yin jiri ta zube ta tashi tana yi wa kanta dariya. Ga ruwa yana tsakiyar shiga fangali, ga injin na aro ne. Sha'aibu ya ce, "Bari in ƙarasa layin ga." Ya ƙarasa. Ko da suka iso gida an riga an lulluɓe ta da zane.

Bai yi kuka ba, mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa. Sai dai aka tashi daga zaman makoki, aka yi sadaka, kowa ya koma harkarsa, Sha'aibu bai koma gona ba. Albasar shekarar maƙwabta ne suka cire masa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna. In an kawo abinci ya ci, in ba a kawo ba bai tambaya ba. Masallaci yana zuwa, ba ya fashi. In ka gaishe shi zai amsa maka duk yadda ake amsawa, gida lafiya, gajiya babu, amma kamar mai karanto maka daga allo. Rani guda cur gonar ta zauna ba a sa mata fartanya ba, ciyawa ta rufe fangalai.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya ga gonar ya yi sha'awa. Haliru ya rufe shagonsa ya zo Dandin Mahe, ya zauna a gefen tabarmar wansa.

"Yaya, gona ba ta zama hakanan. In ba ka noma ta bana, mu saida, a raba, kowa shi huta."

"Yadda ka gani."

"Ba yadda na gani ba, Yaya. Kai nika tambaya."

"To. Yadda ka gani."

Labari ya kai kunnen Safinatu, autar Sha'aibu, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. Tana auren Abdulaziz, wani malami ɗan Sifawa da ya samu tafiya ƙaro karatu a Faransa, suna zaune a wani gari da ake kira Dijon. Ita ta san ubanta. Ta san ranar da aka sayar da gonar nan, to shi da tabarmar zaure sai dai a ɗauke shi a kanta. Ta kira Haliru a waya tana magiya.

"Baffa, don Allah ka dakata. Bari mu ɗauko shi ya zo ya sha iska, ko Allah zai sa ya dawo hayyacinsa."

"Na ba ki zuwa lokacin yafa iri," in ji Haliru. "In damina ta ɗauke bai yafa ba, ni kam na sallama. Ba mugunta ba ce, ɗiyata, ni ma ina da iyali."

Aka yi ta kai da kawo a kan fasfo da biza. Sha'aibu bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. A ce zauna a ɗauki hoto ya zauna, a ce dangwala yatsa ya dangwala. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba ya hau jirgin sama ya sauka kamar wanda ya hau motar Bodinga.

Lokacin Abdulaziz yana hutu. Suka kama wani ɗan gida haya a wani ƙauye kudu da Dijon, tsakiyar tuddai. Ko'ina ka duba gonakin inabi ne, layi-layi kamar an yi wa ƙasa kitso, daga gindin tudu har samansa. Shawarar Safinatu ce. Ta ce ai manomi ne, in ya ga noma wataƙila idonsa ya buɗe.

Abdulaziz ya ja ta gefe. "Kin san dai abin da ake yi da inabin nan."

"Na sani. Giya ce. Mu ba sha muka zo yi ba, kallo muka zo yi. Kada ka gaya mishi, in ya ji ko ƙofa ba zai leƙa ba."

Aka fara yawon buɗe ido. Suka kai shi wani tsohon gidan sarauta na dutse a kan tudu, mai kaifin rufi, aka nuna masa rijiyar da ke tsakar gidan da ɗakin da aka ce masu gadi suna kwana. Ya ce, "To." Suka shiga wani ɗan jirgin ruwa da ke bin wata siririyar hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannunsu, inda ake rufe ƙofa a baya, ruwa ya taru ya ɗaga jirgin sama, sannan a buɗe ta gaba. Abdulaziz ya yi ta bayani yana nuni da hannu. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tare ruwa yana sakin ruwa, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Madalla." Wata safiya wani ƙaton balan-balan mai kwando ya bi ta saman gidansu da mutane a ciki suna ɗaga hannu. Safinatu ta fito da gudu tana kiran Baba ya zo ya gani. Ya fito, ya ɗaga kai, ya koma kujerarsa.

Hotuna kam an ɗauka, waya ta cika. A kowane ɗaya yana tsaye inda aka tsayar da shi, cikin babbar riga da rigar sanyin surukinsa a ciki, yana kallon wani wuri kaɗan daga gefen mai ɗauka.

Ranar kasuwar wani gari kusa da su, Safinatu ta riƙe hannun rigarsa ta ratsa da shi ta wurin masu cuku, da masu zuma, da wani mai sayar da dodon koɗi a dafe, wanda ta tabbata da uwarta ce ta gani da an shekara ana jin labarin. Ta kai shi har teburin mai albasa. Ta zaɓi wata ja, ƙatuwa, ta sa masa a tafin hannu.

"Baba, ya ka gan ta?"

Ya juya ta sau ɗaya ya ajiye inda aka ɗauko ta.

"Albasa ce," in ji shi.

Safinatu ta ce a nan ne ta fidda rai. Ta koma bayan wata mota ta share hawaye, ta dawo ta ce musu iska ce ta shigar mata ido.

To ga yadda abin ya faru. Wata safiya bayan ya yi asuba, gari ya yi haske, Sha'aibu ya buɗe ƙofa ya fita, su kuwa sun koma barci. Ya bi wata 'yar hanya da ta haura tudu, ba don yana son zuwa ko'ina ba. Can ya ji hayaniya. Mutane ne da yawa, maza da mata, tsofaffi da matasa, farare da baƙaƙe, kowa da bokiti da ɗan almakashi, sun jeru a layukan inabi sun sunkuya suna tsinka. Wannan ya yi wa wancan tsiya, a bushe da dariya, wani ƙato yana bi da kwando a baya ana juye masa.

A garinsu Sha'aibu, in ka ga jama'a haka a gonar mutum ɗaya suna aiki suna raha, abu ɗaya ne: gayya. Kuma a yadda aka tarbiyyantar da shi, namiji mai lafiya ba ya wuce gayya da hannuwa a baya, ko da baƙo ne a garin. Ba tunani ya yi ba, ƙafafunsa ne suka tsaya. Ya yi sallama, ya ce, "Sannunku da aiki." Wata tsohuwa gajera mai takalmin roba har gwiwa, wadda daga yadda take nuni da sanda ka san ita ce mai gonar, ta ce masa wani abu da harshensu. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan wani turke, ya miƙa hannu. Tsohuwar ta saba da masu yawon buɗe ido da kan so su gwada tsinka na yini ɗaya. Ta yi dariya ta miƙa masa almakashi da bokiti.

Shi abin da ya sani game da inabi shi ne ɗan itace ne mai daraja, malamai suna ambatonsa a tafsiri cikin 'ya'yan itatuwan Aljanna, a Sakkwato kuma a 'yar roba ake sayar da shi, sai mai hali ke saya ya kai dubiya. Ga shi nan tudu guda. Ya ce a ransa lalle Allah ya yi wa mutanen nan arziki.

Da farko bai iya ba. Ya damƙi nonon inabin kamar mai tumɓuke albasa, ya matse shi a hannu. Ya sa almakashi ya haɗa da ɗan yatsansa. Wata mata mai jan gashi da ke ɗaya gefen layin ta leƙo ta cikin ganye ta nuna masa: a tallabe daga ƙasa, a nemi kara, a datse, a ajiye a hankali. Ya ce, "To, to, na gane." Ya tsotse jinin yatsansa ya ci gaba. Kafin rana ta ɗaga, bayansa ya tuna sunkuyo.

Can gida Safinatu ta farka ba Baba. Hankalinta ya tashi, suka bazama ita da mijinta suna leƙa kowace hanya. Babbar rigar suka fara hangowa tana kaɗawa a kan turke. Da suka matso sai ga shi tsakiyar layi, hula ta karkace, zufa ta jiƙa masa wuya, yana tura bokiti da ƙafa. Kuma yana wani ɗan gunguni ƙasa-ƙasa, irin waƙar da manoma kan yi in aiki ya kama jiki.

Abdulaziz ya ce, "Wannan fa ya wuce kallo. Dole a gaya mishi."

"Bar shi zuwa azahar."

"Safinatu, hannu ya sa. Hakkinsa ne ya sani."

"Hakkin a wuyana. Dube shi. Don girman Allah tsaya ka dube shi."

Abdulaziz ya dube shi, ya bar zancen. Safinatu ta koma gida a guje ta haɗo shayi ta kawo. Sha'aibu ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya karɓa ya kurɓa.

"Uwata, mutanen ga na da kirki," in ji shi. "Sai dai gayyarsu ba makaɗi. Ina anka taɓa yin gayya ba ganga?"

Rabon da ya yi mata magana mai tsawon haka tun kafin rasuwar uwarta. Ta yi dariya. Ya nuna inabin da ke cikin bokiti.

"Wace kasuwa suka kai shi? Abin ga bai da ƙarfin jiki, kwana kaɗan shina ruɓewa. Ya suka aje shi?"

"Ban sani ba, Baba."

"To bari in ga ma'ajiyarsu."

Wannan kuma halin manomin albasa ne. Shi noma bai ƙare a gona ba, sai ya ga inda aka ajiye amfani da yadda iska ke shiga. Da tarakta ta cika ta kama gangarowa cikin ƙauye, ya ajiye almakashi ya bi bayanta. Safinatu ta ce Baba ka huta, Baba azahar ta kusa. Bai ji ba. Suka bi shi.

Taraktar ta shiga wani babban gida na dutse. Yana tsaye a bakin ƙofa aka ɗaga bayanta aka tuttular da inabin cikin wani inji. Abin da aka yini ana tallabewa kamar ƙwai, injin ya haɗiye yana murƙushewa, ruwan yana bin wani tiyo zuwa cikin manyan tankuna. Can ciki gangunan katako ne jere har inda ido ya tsaya. Sai warin ya iso shi. Ya san warin nan. Shekarun baya ya taɓa kai albasa wata kasuwa a bayan bariki, ya wuce ta inda mata ke dafa burukutu.

Ya juyo ga surukinsa. "Malam, mi aka yi da shi?"

Abdulaziz ya durƙusa a nan bakin ƙofa, Turawa na kallo. "Baba, giya suke yi."

"Duka?"

"Duk tuddan nan, Baba."

"Har wanda na tsinka?"

"Har shi, Baba."

"Kun sani?"

"Ni na hana shi faɗa," in ji Safinatu.

Ta so ya yi faɗa. Ta ce da ya ɗaga murya, ko ya zage ta, da ta ji sanyi. Bai yi ba. Ya buɗe tafukan hannunsa yana kallo, sun rine sun yi jaja-jaja har cikin farce. Daga nan ya ce a roƙi tsohuwar ta fitar masa da nasa, wanda ya tsinka da hannunsa, ko zubarwa ne a zubar. Abdulaziz ya fassara. Tsohuwar ta dubi tanki ta dubi Sha'aibu, fuskarta ta canza, ta ce ya riga ya gauraya da na kowa, ba yadda za a yi. Ta sa aka kawo akwati guda na inabin da ba a matse ba, ta ce ya karɓa kyauta, ta dafa ƙirji tana ba da haƙuri. Ya yi mata godiya sosai yadda ake yi wa mai gida, ya ce a gaya mata ba laifinta ba ne, amma bai karɓa ba. Ya je famfon tsakar gidan ya daɗe yana wanke hannu.

Sauran kwanakin hutun bai sake fita ba. An shirya zuwa wani kogo da wani tafki, duk aka fasa. Ya zauna a kujera ya juya wa taga baya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku maida ni gida." A filin jirgi Safinatu ta durƙusa ta nemi gafara. Ya ce, "Ba komai, Uwata," da muryar nan tasa ta allo. Ta koma gida ta ce wa mijinta ta kashe gonar da hannunta.

Ya iso Dandin Mahe damina tana haɗa kayanta. Washegari ya tafi wurin liman ya zayyana masa komai. Liman ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, ya yi istigfari ya wadatar.

"Na ji, Allah gafarta Malam. Amma hannuwan sun yi."

"To in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka yi sadaka."

Haliru ya zo yi masa barka da sauka, ya ji zancen, ya ga hanya ta samu. "Ai abin ya zo da sauƙi, Yaya. In munka saida gonar sai ka fidda sadakar daga rabonka, ko nawa kaka so."

Sha'aibu ya girgiza kai. "Ba gonar ta tsinki inabi ba. Ni na tsinka. Abin da zan bayar sai wanda na sunkuya na noma da hannun ga."

"Wato noma ta za ka yi?"

"Bana dai."

"Baɗi fa?"

"Bari baɗi ta zo."

Haliru ya ce to shi kenan, ya hau mota ya koma Bodinga. Ɗan kasuwar Sakkwato ya gaji da jira ya sayi wata gonar a wani wuri.

Sha'aibu ya sayi iri, ya share ciyawa, ya yafa. Lokacin dashe ya yi dashe. Ba wanda zai ce maka ya ga farin ciki a fuskarsa. Yakan fita da sassafe ya dawo da la'asar, ya ci abin da aka ba shi, ya zauna a zaure. Masu son labari sun yi ta zuwa a ba su na ƙasar Turawa, wai da gaske ne ana cin dodon koɗi, wai ya sanyin yake. Ya ce musu, "Akwai tuddai." In Safinatu ta kira shi da hantsi yakan ce, "Ina gona, in na tashi na kira ki." Wani lokaci ya kira, wani lokaci ya manta.

Da albasa ta nuna aka cire, buhunan farko bai kai su kasuwa ba. Ya sa aka ɗora a amalanke aka kai ƙofar masallaci ranar Juma'a, aka kwance bakinsu, duk mai buƙata ya ɗiba. Shi bai ma tsaya ganin rabon ba. Sauran ya aika wa Haliru nasa, ya kai nasa Shagari.

Da shekara ta zagayo, damina ta ja baya, aka sake ganinsa a fadama yana gyara wurin yafa iri. Haliru bai tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.